Kada ku zubar da tukunyar irin Trillium

Masu lambu a inuwar bishiyoyi a ƙasashen sanyi, ga shawara: in kun shuka irin Trillium, wani furen daji mai ganye uku da ke son inuwa, ku bar tukunyar ta yi hunturu biyu kafin ku fid da rai.

Ni na yi gaggawa. Sanyi ya wuce, ban ga ko tsinke ba, na juye ƙasar. Sai ga 'yan fararen saiwoyi a tafin hannuna. Ashe yana nan da ransa!

Haka halinsa yake a dazuzzukan gabashin Amurka. Bayan hunturun farko saiwa kawai yake yi. Sai bayan na biyu siririn ganye ɗaya ya leƙo. Fure kuwa, shekara 5 zuwa 7. Da jinkiri, amma ya fi sayen dashe araha nesa ba kusa ba.

Ku shuka shi ɗanye, da zarar 'ya'yan sun nuna, cikin ruɓaɓɓen ganye mai danshi. Ku rufe da raga, don tururuwa na kwashe shi.

Busasshen iri na cikin leda kan ƙi fitowa. Inda babu sanyi na gaske kuma, kada ma ku wahalar da kanku.