Kafin ka canza fitilar motarka

'Yan uwa masu mota, ga shawara kan fitilun nan masu tsananin haske da ake sakawa yanzu.

Yawancin motocinmu da ƙwan halojin aka ƙera su, madubin da ke cikin gidan fitilar ma don shi aka yi. Idan ka cusa ƙwan LED ko HID, wato masu tsananin hasken nan, a ciki, hasken ba ya kwantawa kan titi, watsuwa yake yi ya doki idon mai tahowa. Kai kana ganin gabanka tangaran, shi kuwa mai babur ko ɗan adaidaita ya makance na ɗan lokaci. A hanyar da ba a raba ta biyu ba, wannan kaɗai ya isa jawo taho-mu-gama. In an bincika aka ga fitilarka ce sila, alhaki na kanka, kuma kamfanin inshora na iya kafa hujja da canjin da ba ka sanar da su ba.

Fitila mai walƙiyar ja da shuɗi kuwa ta motocin jami'an tsaro ce da na ɗaukin gaggawa. 'Yan Road Safety, VIO ko 'yan sanda na iya tsare ka a kanta. Ja na baya ne, kada ka kawo shi gaba.

In haske ya yi maka kaɗan, fara da goge gilashin da ya dushe. Da daddare ka fuskanci bango ka kunna ƙaramar wuta, wato dim ba ful ba. Idan hasken ya haura tsayin fitilar, a saita ta. Duk ƙarin da za a yi, ka tsaya kan mai wayarin ya sa fis da rilé (makunnin da ke ɗaukar nauyin wutar), don wayar da aka haɗa kai tsaye tana iya kama wuta.