Fentin Gidan Haya a Jamus: Wace Rola Za Ka Saya, Yaya Kuma Ake Aiki da Ita?

A gida, in bango ya yi dauɗa, mai fenti ake kira. Ya zo da yaransa, a yi ciniki, kafin la'asar an gama. A Jamus kuwa ladan ma'aikaci ya fi fentin kansa tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa za ka ga likita ko malamin jami'a ya sa tsohuwar riga ran Asabar yana shafa bangon ɗakinsa da hannunsa. Kai ma da wuya ka tsira, domin yawancin takardun haya suna ɗora wa ɗan haya wannan aiki.

To amma, ɗan'uwa, kafin ka kashe ko sisi, ɗauko takardar hayarka ka nemo kalmar nan mai tsawo: Schönheitsreparaturen. Ƙarƙashinta ne aka rubuta wanda fenti ya hau kansa. Ba duk abin da mai gida ya rubuta ne doka ta amince da shi ba. A 2015 babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe ta yanke cewa wanda ya karɓi gida ba a gyara ba, kuma ba a rage masa komai a madadin hakan ba, ba za a tilasta masa fenti da irin sharaɗin nan da ake bugawa a kowace takarda ba. A 2013 kuma kotun ta ce wanda ya karɓi gida da launi mai sanyi, ya mayar da shi ja ko shuɗi ya tashi ya bar shi haka, zai biya. Saboda haka koren nan da muke so a falo, ka sha sha'awarka muddin kana ciki, amma ka san fari ko wani launi mai sanyi za ka mayar. In takardar ta rikita ka, kai ta ƙungiyar 'yan haya ta garinku, wato Mieterverein, su karanta maka. Kuɗin ajiyar da ka ba mai gida lokacin shiga ne ke cikin haɗari, kuma yana iya kaiwa hayar wata uku.

Sai ka shafa bangon da tafin hannu. A gidajen haya da yawa za ka ji shi da ƙuraje-ƙuraje kamar an watsa tsaki. Takarda ce aka manna mai ɗauke da ɓarɓashin katako, sunanta Raufaser, kuma a kanta ake fenti, ba a ɓare ta. Wannan shafawar da ka yi ita za ta gaya maka rolar da za ka saya.

A manyan shagunan kayan gini irin su OBI, Bauhaus ko Hornbach, roloti sun cika kanta guda, kowace da lamba a jikin ledarta. Lambar da ta dame ka ita ce Florhöhe, tsawon gashin rola. Bango mai sulɓi gajeren gashi yake so, kamar milimita 9 zuwa 12. Raufaser na son milimita 12 zuwa 18, don gashin ya shiga tsakanin ƙurajen. In ka sa mata gajere, fenti zai hau kan tudu ya bar kwari, gobe da safe ka ga bango da ɗigo-ɗigon tsohon launi. Dogon gashi a bango mai sulɓi kuma fallatsi zai yi ta yi, ya bar maka shafi mai kaushi. Faɗin santimita 25 shi ne na bango. Ka haɗa da ƙaramar rola ta santimita 10 saboda bayan hita da lunguna. Gashin da aka rubuta Polyamid a jikinsa yana shan fenti sosai, yana jure wanki. Rolar soso kuwa ka bar ta inda ka gan ta, ta fentin ƙofa da katako ce.

Ni da na zo, kunshin nan mai araha na ɗauka, rola da faranti da buroshi a leda ɗaya. Ban gama bango guda ba gashin ya fara zuba yana mannewa a fenti, na koma tsince shi da farce kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Araha ba ta ado. Bambancin 'yan Yuro kaɗan ne, rola mai kyau kuma za ta bi ka gida na biyu da na uku. Ko mai kyaun ce, ka wanke ta da ruwa ka matse kafin ka fara, sako-sakon gashin ya fita.

Fentin ruwa za ka saya, Dispersionsfarbe, ka duba jikin bokitin ka ga Deckkraftklasse 1, wato ajin da ya fi rufe tsohon launi. Ga lissafi: ɗaki mai mita 4 kowane gefe, tsayinsa mita 2.5, bangonsa murabba'in mita 40 ne, da silin 56. Lita ɗaya takan ci kusan murabba'in mita 7, Raufaser kuma ta fi haka sha. Ka ga bokitin lita 10 zai yi maka shafi ɗaya, ba zai kai biyu ba. Kada ka manta da ragar roba da ake ratayawa cikin bokiti, Abstreifgitter, da sandar da ake ɗaura wa rola, da salatif na masu fenti, da shimfiɗar ƙasa. Shaguna a rufe suke ran Lahadi, abin da ka manta ran Asabar sai Litinin.

Shiri ya fi shafawa cin lokaci. Toshe ramukan ƙusa, rufe soket da makunnin wuta da katakon gindin bango. In ka ga baƙin fumfuna a kusurwa, kada ka rufe shi da fenti. Ɗauki hoto ka sanar da mai gida a rubuce.

Silin ake fara yi, sannan bango, kuma daga wajen taga ake tashi. Bi gefuna da buroshi ko ƙaramar rola, bango ɗaya kawai, nan take ka bi da babbar rola tun gefen bai bushe ba. Sirrin aikin ke nan gaba ɗaya: ɗanye ya haɗu da ɗanye. Tsoma rabin rolar, murza ta a kan raga har ta daina ɗiga. Ja ta sama da ƙasa layi biyu ko uku, baza fentin hagu da dama, sannan ka sauko da ita daga sama zuwa ƙasa a hankali ba tare da dannawa ba. Kowane sabon layi ya ɗan hau kan na baya. In ka ji kana danna rola da ƙarfi, fenti ne ya ƙare mata, koma bokiti. Kuma in ka fara bango, kada ka tsaya sai ka kai kusurwa. Duba lokacin salla tukuna, a kuma bar waya ta yi ta ƙara, domin inda ka tsaya a tsakiya zai fito da layi da zarar rana ta hasko.

Rage hita, rufe taga lokacin da kake shafawa, don kada ya bushe maka da wuri. In ka gama sai ka buɗe iska ta shiga. Ɗanyen bango yakan yi dabbare-dabbare, kada ka bi shi da gyara. Jira awannin da aka rubuta a bokiti, galibi 4 zuwa 6, ka duba da hasken rana kafin ka yanke shawarar shafi na biyu. Salatif kuwa tun fenti na da ɗan danshi ake cire shi.

In gobe za ka ci gaba, ba sai ka wanke rola ba, naɗe ta cikin leda ka ɗaure. Ragowar fenti ba a zuba shi a magudana. Wanda bai bushe ba a kai shi wurin karɓar shara na gari, Wertstoffhof. Ka dai rage kaɗan a kwalba har ranar miƙa makulli, domin wajen fitar da kabad sai an goge bango. A ranar ka ɗauki hoton kowane ɗaki, ku zagaya tare da mai gida, kuma kada ka sa hannu a takardar miƙa gida, Übergabeprotokoll, sai ka karanta abin da aka rubuta game da bango ka kuma karɓi kwafinka.