Yadda ake zaɓen madabod mai sauƙin kuɗi na buga gem, da sanin iyakar RAM ɗin da zai ɗauka

Wani ƙanena da ke da ɗan gidan gem can wajen Ƙofar Ƙaura ya kawo min kwamfuta a buhu kan mashin ranshi a ɓace, wai Yaya na sayi RAM giga 8 sabo fil amma ya ƙi shiga. Ina dubawa na ga bod ɗin, wato madabod, babban faifan da ake jona duk kayan kwamfuta a kai, H81 ne, shi kuma DDR4 ya sayo, har ya fara lanƙwasa bakin silot ɗin wajen dannawa da ƙarfi. H81 DDR3 yake ci, DDR3 da DDR4 kuma irin RAM ne daban-daban, shi RAM ɗin shi ne ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki da shi a lokacin. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nike bi in zan haɗa ma wani kwamfutar gem da kuɗi kaɗan.

Farko dai kar ka fara da bod, fara da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ita ke faɗa maka soket ɗin da za ka nema, wato gurbin da take zama a kan bod. In kuɗi ba su da yawa hanya biyu ce. Ko ka bi AMD, soket AM4, irin su Ryzen 5 3600 ko 5600 ko 5600G, bod ɗinsu A520 ko B450 ko B550, duk DDR4 suke ci. Ko ka bi Intel, soket LGA1700, irin su i3-12100F ko i5-12400F, bod H610 ko B660 ko B760. Wannan F ɗin na ƙarshen suna ka kula da shi sosai, yana nufin furosesar ba ta da hoto a jikinta, in babu girafik kad, kad ɗin da ke fitar da hoto, ko ka kunna baƙi kawai za ka gani. Haka ma 3600 da 5600. Ita 5600G tana da nata, shi ya sa nike ba wanda bai da kuɗin kad yanzu shawarar ya fara da ita, eFootball da GTA V za su tafi in ka rage saiti, in Allah ya hore ka ƙara kad daga baya.

Na biyu ka tabbatar da irin RAM ɗin. DDR3, DDR4, DDR5, ko wanne yankan da ke ƙasanshi a wuri daban yake, ba ya shiga gidan wani. A nan LGA1700 yake da tarko, don suna ɗaya za ka gani amma akwai bod na DDR4 akwai na DDR5, kuma ba a musanya su, sai ka karanta jikin kwali ko rubutun da ke kan bod ɗin da idonka. RAM na laftof ma gajere ne, ba ya shiga na tebur.

Na uku shi ne maganar iyaka, nan kuma ne aka fi ruɗa mutane. Iyakar wuri uku take, akwai ta bod, akwai ta furosesa, akwai ta Windows, kuma wadda ta fi ƙanƙanta ita ke aiki. Ta bod za ka same ta in ka rubuta cikakken sunanshi a shafin kamfanin da ya ƙera, ASUS ne ko MSI ko Gigabyte ko ASRock. Tsofaffin nan H61 da H81 da suka cika kasuwar na hannu silot biyu gare su, giga 16 ne ƙarshensu. H610 na DDR4 mai silot biyu galibi 64 ne, B550 mai silot huɗu kuma 128. Ita furosesa a waɗannan sababbin ba ta cika tare ka ba. Windows kuwa ita ce mai cin amana shiru, in 32-bit aka ɗora maka ko giga 16 ka sa ba za ta wuce 4 ba, ma abin da za ka gani uku da ɗan wani abu ne. Na sha ganin wannan a kwamfutocin da aka yi ma fomat da tsohon filash. 64-bit za ka sa, Windows 10 ko 11 Home tana kai 128.

To amma gaskiya, wa zai sa 128 don ya buga ƙwallo? Mai shago zai nuna maka lambar a kwali kamar ita ce ƙarfin bod ɗin, alhali gem ɗin ƙwallo na FC 24 giga 8 ya nema a mafi ƙaranci, 12 in kana son daɗi. Giga 16 ya ishe ka, 32 sai in kana haɗawa da editin bidiyo. Kuɗin da za ka ƙara don silot ɗin da ba za ka taɓa cikawa ba gara ka zuba su a kad ko pawa fak mai kyau, akwatin da ke ba kwamfuta wuta.

Na huɗu, sayi RAM guda biyu iri ɗaya, 8 da 8, maimakon 16 ƙwaya ɗaya. Biyu suna aiki ta hanya biyu lokaci guda, kamar titi mai hannu biyu, kuma a 5600G bambancin a fili yake tunda hotonta daga RAM ɗin yake ara. In bod ɗin silot huɗu gare shi kar ka jera su kusa da juna, sa a na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga wajen furosesa, za ka ga an rubuta A2 da B2. Ka cire wuta gaba ɗaya, ka taɓa ƙarfen kes ɗin tukuna musamman lokacin hunturu da jiki ke ɗaukar shokin, ka buɗe ƴan kunnuwan gefe, ka daidaita yankan sannan ka danna har ka ji ƙas.

Daga nan shiga BIOS, wato shafin saitin bod, ta danna Delete ko F2 lokacin da kwamfutar take tashi, ka kunna XMP, saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudunshi, a bod ɗin ASUS na AMD DOCP suke ce mishi. In ba ka yi ba RAM ɗin da aka rubuta gudunshi 3200 zai iya zama a 2133 ko 2400 kana nan ba ka sani ba. A H610 na DDR4 kar ka wahalar da aljihu da abin da ya wuce 3200, ba zai kai ba.

Wani abu da ke kama mutane, B450 tun 2018 ya fito, su Ryzen 5000, dangin 5600 da 5600G, kuma sai 2020 suka fara fitowa, to in tsohon BIOS ne a kai furosesar ba za ta tashi ba sai an yi afdet. Ka ce a haɗa a kunna a gabanka kafin ka biya, in daga Kano ko Legas za a turo maka a ɗauko bidiyo. Kuma dan Allah kar ka yi afdet ɗin nan da wutar gari kaɗai, in aka ɗauke ana tsakiya bod ya iya mutuwa, nemi inbata ko UPS.

In na hannu ne kuma ka haska fitilar waya cikin soket ɗin Intel ka ga ko akwai fin da ya kwanta, a AM4 kuwa fin ɗin a jikin furosesa suke. Ka gwada kowane silot ɗai-ɗai. Waɗanda aka ciro daga Dell ko HP na ofis ka yi hattara, da yawansu bakin wutarsu daban ne, pawa fak na kasuwa ba ya shiga.

Ƙarshe in Windows ta tashi danna Ctrl da Shift da Esc, je Performance sannan Memory, nan za ka ga giga nawa ta gani, gudun nawa, silot nawa ke aiki. In ka sa 16 ta nuna 8, kashe ka ciro, hura silot ɗin da bulowa don ƙurar Katsina ba ta barin komai, ka mayar ka danna sosai. Na ƙanen nawa dai DDR3 biyu muka nemo masu giga 8-8, wancan DDR4 ɗin yana nan cikin durowata har yau mai shagon ya ƙi amsa.