Yadda ake zaɓen kifi da haske ga tankin murjani na ruwan teku a ƙasa mai zafi

Mutumin Garwa ko Marwa ko Njamena idan ya ji kalmar murjani, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne jan dutsen ado da iyayenmu mata suke ɗaurawa a wuya da hannu. Kaɗan ne suka san cewa wannan dutse ƙashin wata dabbar teku ne, wadda aka fi cirowa daga Bahar Rum, kuma tana da dangi ɗaruruwa a tekuna masu ɗumi waɗanda ake iya kiwonsu da ransu a cikin tankin gilashi tare da kifaye masu launi. Wannan kiwo bai yi kama da na karfasa ko tarwada ba, domin waɗannan sun saba da ruwan Binuwai da Logon da Tafkin Cadi, suna jure laka da zafi, alhali halittun teku sun fito ne daga ruwan da gishirinsa da ɗuminsa ba sa sauyawa sosai duk shekara. Kuskuren da na fi gani ga masu farawa shi ne su fara sayen kifin da ya burge su, sannan su nemi fitila, daga baya su tuna da murjani. Tsarin da ya dace shi ne a juya wannan jeri: a fara da abin da ɗaki da wutar lantarki za su iya ɗauka, a zaɓi murjani, murjanin ya nuna irin hasken da za a saya, kifi kuma ya zo a ƙarshe.

Mataki na farko shi ne auna zafin ɗakin da za a ajiye tankin, tun kafin a kashe ko sefa ɗaya. Ruwan murjani yana son ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26, idan kuma ya wuce 29 ya daɗe a haka, murjani yakan fara fari ya mutu. A Garwa da Njamena zafin watannin Maris da Afrilu yana haura digiri 40, don haka wanda ba shi da ɗaki mai na'urar sanyaya iska ko injin sanyaya ruwan tanki, gara ya dakata. Mazauna Ngaundere, da yake garin yana kan tudun Adamawa, sun fi samun sauƙi. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri biyu ko uku, musamman a busasshiyar iskar hunturu, amma tana sa ruwa ya riƙa ƙafewa da sauri. A nan akwai ƙa'idar da ba a wasa da ita: ruwa ne yake ƙafewa, gishiri yana nan, saboda haka da tataccen ruwa mara gishiri ake cike gurbin abin da ya ragu, kowace rana.

Sai batun ɗaukewar wuta, wanda kowa a yankinmu ya san shi. Murjani yana iya yin kwana biyu ko uku babu fitila bai mutu ba, amma idan famfon da ke motsa ruwa ya tsaya, iskar shaƙa tana ƙarewa cikin sa'o'i kaɗan, kuma ruwa mai ɗumi ya fi saurin rasa ta. Na taɓa rasa kifaye uku a dare ɗaya cikin watan Afrilu saboda wannan, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, domin batir ɗaya da faifan sola sun isa su hana. A haɗa famfo da batir tun ranar farko, fitila ta biyo baya.

Mataki na biyu shi ne shirya ruwa. Ga mai farawa, tanki mai lita 150 zuwa 200 ya fi ƙarami sauƙin riƙo, domin ruwa mai yawa ba ya saurin sauya zafi ko gishiri, sai dai a tuna cewa da ruwa da duwatsu nauyinsa zai iya kai kilo 250 ko fiye, don haka yana bukatar teburi mai ƙarfi. Gishirin girki ko manda ko kanwa ba su da wuri a nan. Ana amfani da gishirin teku na musamman da ake haɗawa don murjani, a narkar da shi a ruwan da aka tace da na'urar osmos mai cire gishiri da ma'adanai daga ruwa, har a kai kimanin giram 35 a kowace lita, wato kusan 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Bayan an jera duwatsu masu ramuka an zuba yashi, sai a bar tankin mako huɗu zuwa shida babu kifi, har ƙwayoyin halitta masu amfani su yaɗu, waɗanda suke mayar da amoniya ta kashin kifi zuwa nitirit, sannan zuwa nitirat mai sauƙin illa. Sai gwaji ya nuna amoniya da nitirit sun koma sifiri kafin a sa kowace halitta.

Mataki na uku, wanda komai ya rataya a kansa, shi ne yanke shawarar irin murjanin da za a riƙe. A cikin naman yawancin murjani akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, ana kiransu zuzanteli, waɗanda suke sarrafa haske su samar da abinci kamar yadda ganye yake yi, murjanin kuma ya ci daga gare su. Saboda haka fitilar tanki abinci ce, ba ado kawai ba. Murjani masu laushi, irin su Zoanthus da Discosoma mai kama da naman kaza da Sarcophyton mai kama da fata, suna wadatuwa da haske kaɗan kuma suna yafe kuskure. Masu ƙashi da manyan baki (kafofin da murjani yake cin abinci da su), irin su Euphyllia, suna son matsakaicin haske da ruwa mai motsi a hankali. Masu ƙashi da ƙananan baki, musamman Acropora mai rassa, su ne mafiya wuya, domin suna neman haske mai ƙarfi da sinadarin kalsiyam tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita da ruwan da ba ya sauyawa ko kaɗan. Ra'ayina a fili yake: a yanayinmu, shekarar farko ta masu laushi ce. Ban da haka, murjani masu ƙashi suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, ba a ƙetare iyaka da su sai da takardun izini.

Daga nan sai fitila. Iri uku aka sani a wannan harka. Fitilar metal halayid tana da haske mai kyau, amma tana dafa ruwa tana kuma shan wuta, don haka ba ta dace da mu ba sam. Dogayen ƙwayaye na T5 suna baza haske daidai ko'ina, sai dai ƙarfinsu yana raguwa, ana sauya su kusan kowace shekara, samun sababbi kuma a Marwa ko Kuseri ba abu ne mai sauƙi ba. LED ita ce ta fi dacewa, domin zafinta kaɗan ne, batir yana ɗaukarta, kuma ana iya rage ƙarfinta ko ƙara shi. Amma ba kowace LED ba. Farar fitilar ɗaki da ake sayarwa a kasuwa gansakuka kawai za ta haifar. Ruwan teku yana shanye jan haske a 'yan mitoci na sama, shuɗi ne yake nutsawa ƙasa, kuma da shi tsirran cikin murjani suka saba aiki. A nemi fitilar da aka ƙera don murjani, mai yawan shuɗi tsakanin nanomita 420 da 470 (ma'aunin tsawon zangon haske), wadda launinta yake tsakanin Kelbin 14,000 da 20,000 (ma'aunin launin fitila).

Yawan wat ba ya nuna hasken da yake isa ga murjani. Ma'aunin da masu kiwo suke dubawa shi ne PAR, wato yawan hasken da tsirrai suke iya sarrafawa, kuma kamfanonin kirki suna buga taswirarsa tare da fitilarsu. Masu laushi suna son kimanin 50 zuwa 150, masu manyan baki 75 zuwa 200, Acropora kuwa 250 zuwa sama. Haske yana raguwa da zurfi, saboda haka a tanki ɗaya ana iya ɗora mai son haske a kan dutse, a ajiye mai son inuwa a ƙasa. A rataye fitilar santimita 20 zuwa 30 sama da ruwa, a kunna ta awa takwas zuwa goma a rana da agogo mai kunnawa da kashewa da kansa. Dabarar da ta yi mini amfani ita ce mayar da lokacin haske daga bayan la'asar zuwa tsakar dare, domin kada zafin fitila ya haɗu da na azahar. Sabon murjani kuma ba a buɗe masa fitila gaba ɗaya. A fara da kashi 30 ko 40 cikin ɗari, a riƙa ƙarawa kaɗan kowane mako. Idan ya fara kodewa yana fari, haske ya yi yawa, idan ya koma ruwan ƙasa yana miƙewa sama, haske ya yi kaɗan, kuma yawan haske ya fi saurin kisa. A riƙa goge ƙurar hunturu da busasshen gishiri daga gilashin fitilar, domin suna tare haske ba tare da an lura ba.

Yanzu aka zo kan kifi, kuma tambayoyi uku ake yi wa kowane ɗaya: yana cin murjani ko jatan lande, yaya girmansa zai kai, kuma yaya halinsa da maƙwabta. A riƙa yin oda da sunan kimiyya, domin sunayen kasuwa suna ruɗarwa. Amphiprion ocellaris, ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen zobba uku, shi ne ya fi dacewa da mai farawa, kuma ana haifar da shi a gonakin kifi, wanda aka haifa a tanki kuwa ya fi juriya. A sayi ƙanana biyu tare, wanda ya fi girma zai rikiɗe ya zama mace su zauna lafiya, amma na uku zai sha duka. Ba dole ne a sa masa anemon ba, wato dabbar teku mai kama da fure da yake fakewa a cikinta, domin wannan halitta tana neman haske mai ƙarfi da tankin da ya yi aƙalla wata shida, kuma tana yawo tana harbin murjani. Gramma loreto na tekun Karibiyan, mai rabi shunayya rabi rawaya, ɗaya tak ake sawa, kuma a kula kada a musanya shi da Pictichromis paccagnellae, wanda launinsu ɗaya amma mafaɗaci ne. Nemateleotris magnifica mai kunya ne kuma yana tsalle, don haka a rufe saman tanki da raga, wadda ta fi murfin gilashi domin ba ta riƙe zafi. Pterapogon kauderni na tsibiran Banggai a Indonisiya, wanda namijinsa yake renon ƙwai a baki, yana cikin barazanar ƙarewa a teku, saboda haka a nemi wanda aka haifa a tanki kawai. Kifaye biyar ko shida irin waɗannan sun ishi lita 200.

Akwai waɗanda kyaunsu yake jan hankali amma ba su da wuri a wannan tanki. Yawancin dangin Chaetodon suna tsinke bakin murjani, manyan Pomacanthus ma haka, Pterois mai ƙayoyin dafi kuma yana haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa. Dangin Dascyllus suna da araha da juriya, amma idan suka girma suna hana kowa sakat. Zebrasoma flavescens mai rawaya yana kai santimita 20, Paracanthurus hepatus mai shuɗi kuma 30, dukansu suna bukatar tanki mai faɗin gaske. Synchiropus splendidus kuwa ƙananan halittun da ke rayuwa a jikin duwatsu yake ci, a sabon tanki yunwa ce take kashe shi.

Mafi yawan waɗannan kifaye daga Indonisiya da Filifin suke fitowa, ba daga gaɓar Kiribi ta kudancin Kamaru ba, inda ruwan koguna da laka suka hana manyan tsaunukan murjani kafuwa. Kafin su iso arewa sun riga sun galabaita, don haka a ɗauko su ta jirgin sama cikin akwatin da ke riƙe sanyi, kuma a kauce wa watannin bazara. Idan sun iso, a riƙa ɗiga ruwan tanki cikin jakarsu na kimanin awa ɗaya, sannan a ajiye su mako huɗu a wani ƙaramin tanki daban. Dalili shi ne cutar fararen ɗigo, wadda ƙwayar Cryptocaryon take haddasawa, ana maganinta da sinadarin tagulla, tagulla kuwa tana kashe murjani da jatan lande da katantanwa, har ma takan maƙale a jikin duwatsu. Wajen shigar da su babban tanki, a fara da masu kunya, a bar mako biyu ko uku tsakanin kowane shigarwa, mai ƙarfin hali ya zo ƙarshe bayan kowa ya kama raminsa. A kashe fitila a ranar shigarwa, a ciyar da tsofaffin mazauna tukuna, sannan a riƙa sauya kashi 10 cikin ɗari na ruwan kowane mako biyu, da sabon ruwan da zafinsa da gishirinsa suka yi daidai da na cikin tanki.