Yadda Ake Shirya Gida da Dangi Idan Za a Yi wa Mutum Aikin Sauya Gaɓar Ƙugu

A gidajenmu na Maraɗi kusan komai a ƙasa ake yin shi. Tabarma ce wurin hira, a kanta ake cin tuwo, salga kuma sai an tsuguna. Wanda aka sauya wa gaɓar ƙugu kuwa, likita kan hana shi kai wa ƙasa har makonni 6 zuwa 12. Lokacin da muka yi jinyar Inna, sai da muka dawo da ita gida muka lura babu ko kujera ɗaya a gidan da ta dace da ita. Ga yadda zan tsara abin da a ce yau ne.

Mataki na 1: A san aikin da za a yi

Likita zai cire kan ƙashin cinya da ya lalace, ya sa na ƙarfe ko na tangaran, ya kuma dasa wani ɗan ƙoƙo a ƙashin ƙugu inda sabon kan zai riƙa juyawa. Likitan Ingila John Charnley ne ya daidaita wannan hanya a farkon shekarun 1960. Aikin kan ɗauki awa 1 zuwa 2, sau da yawa da allurar kashe jiki ta gadon baya. Tsofaffi kan zo gare shi saboda gaɓa ta cinye ko wuyan ƙashin cinya ya karye a faɗuwa. Matasa kuma yawanci amosanin jini ne, wato sikila, ke toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin har ya mutu. A tambayi likita ta gaban ƙugu zai yanka ko ta baya, domin dokokin bayan aiki sun danganta da wannan.

Mataki na 2: A gyara jiki tun da wuri

Za a yi radiyo, wato hoton ƙashi, a gwada jini, a duba tansiyo, wato hawan jini, da sukari. Ruɓaɓɓen haƙori, maruru ko ciwon fitsari, duk a magance su kafin ranar, don ƙwayar cuta na bin jini ta maƙale a ƙarfen, fitar da ita kuma aiki ne ja. Mai shan taba ya ajiye. A tattara duk abin da mara lafiya ke sha a leda guda a kai wa likita, har da jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin da ake saye wurin masu talla. Mutane kan ɓoye na gargajiya don kunya, alhali wasu magunguna, irin su aspirin, suna sa jini ya ƙi tsayawa. Mai sikila yana da shiri na musamman, ana iya ƙara masa jini kafin aiki. A tanadi ƴan uwa biyu ko uku da za su ba da jini.

Mataki na 3: A ɗaga gidan daga ƙasa

Nan ne aikin dangi na gaske. Dokar ita ce idan ya zauna, kada gwiwarsa ta fi ƙugunsa tudu. Kada ya harɗe ƙafafu, kada ya murɗa ƙafar da aka yi wa aiki ta ciki. In ya saɓa, sabon kan na iya gocewa daga ƙoƙonsa.

To a fara da salga. A kai wa mai walda ko kafinta ya ƙera kujera mai tsawo da hannuwa, ya huda tsakiyarta, a ɗora ta bisa ramin. A gwada ta da ƙaton mutum kafin a yarda da ita. Katifar ƙasa ta tashi aiki. A samo gado, in ya yi ƙasa a ɗora ƙafafunsa kan bulo, a tabbatar ba ya girgiɗi. Kujerar roba mai hannuwa da matashi mai tauri ta fi kujerar falo mai lotsawa nesa ba kusa ba. Ƴar kujerar mata ta bakin murhu a ɓoye ta ma, domin Inna dai in ta gan ta sai ta zauna.

A kwashe tabarmi, igiyoyi da takalman yara daga hanyar da zai bi, a ajiye masa fitila kusa da kai saboda ɗauke wuta. Wanka a kan doguwar kujera, bokiti kuma a ɗora shi a tudu.

Salla fa? Ita ce ta fi damun tsofaffi. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Buhari ya ba mara lafiya damar yin salla a zaune in ba ya iya tsayuwa. Ya yi a kujera, yana nuni da kai wajen ruku'u da sujada. Wankin ƙafa a alwala wani ya yi masa, don sunkuyawar ta wuce ƙa'ida. In tsoho ya ƙi jin naku, ku kawo masa limamin unguwa tun kafin aiki.

Mataki na 4: A naɗa mai jinya guda

Ƴan dubiya ba za a rasa ba, amma a ware mutum ɗaya mai riƙe da takardun magani, wanda zai saurari likita, da wani mai karɓarsa da dare. A raba sauran: mai kuɗin magani, mai abinci, mai mota. In a Yamai za a yi aikin, tafiyar ta haura kilomita 600, don haka a tambayi likita ranar da za a iya kamo hanya, a kuma riƙa tsayawa yana ɗan takawa. Haka in Kano ko Katsina ne. Kabu-kabu kam babu shi sai likita ya yarda. Daren aiki a bi lokacin da aka ce a daina ci da sha, ko kofin kunu kada a ba shi don tausayi.

Mataki na 5: A bar shi ya taka

Ranar aiki ko washegari za a tayar da shi da sanduna ko abin dogarawa. Dangi sai hankali ya tashi, a ce ba su da imani. Kwanciyar ce ke kawo daskarewar jini a jijiyar ƙafa, ta kuma kashe ƙarfin cinya. Ana ba da maganin tsinka jini na kimanin wata guda, kada a yanke shi don an ga sauƙi. Motsa jikin da mai kine, wato ma'aikacin asibiti mai gyaran motsin gaɓoɓi, ya koya a yi shi kullum. Ni dabarar da na samu ita ce in ce, "Inna, zo ki raka ni bakin zaure," maimakon in ce ta tashi ta yi atisaye. Sanda a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa ake riƙe ta. Wajen hawa dakali lafiyayyar ce gaba, wajen sauka mai ciwon. Da dare a sa matashi tsakanin cinyoyi.

Abinci a ƙara wake, ƙwai, nono, nama da zogale, da ruwa sosai, don maganin zafi na ɗaure ciki. Tramol na bakin kasuwa kada ya shigo ɗakin. Kada a kira maɗori ya ja ƙafar, kada a shafa komai a kan ɗinkin, wanda akan cire bayan kwana 10 zuwa 14.

Mataki na 6: A san abin da ba ya jiran safiya

Zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko ciwo ya taso farat ɗaya ƙafar ta gajarce ta karkace: a nufi asibiti nan take. Numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji ya fi duka gaggawa. A rubuta lambar likita da ta mai motar da zai iya fitowa tsakar dare, a manna a bangon ɗakin inda kowa zai gani.