Yadda ake zaunar da iyali a sabon gida bayan ƙaura zuwa wata ƙasa

Daren farko a sabon gida yana da wani irin shiru. Akwatuna jibge a falo, taga ba labule, in ka yi magana sai ɗakin ya amsa maka saboda ba komai a cikinsa. Mu daren da muka sauka mun fi rabin awa muna laluben inda ake kunna ruwan zafi, ƙaramar 'yarmu kuwa ta ƙi cire takalmi, wai jira take a tashi a koma gida. A lokacin na gane cewa samun biza da hawa jirgi su ne ɓangare mai sauƙi.

Ayyukan da ke jiranku suna da jeri, kowanne yana riƙe da wutsiyar ɗan'uwansa. Banki zai nemi shaidar adireshi, makaranta za ta nema, asibiti ma haka, albashi kuma ba zai shigo ba sai da asusun banki. Wanda ya tsallake layi zai yi ta zirga-zirga ana cewa ya dawo gobe. Ga jerin da na ga ya fi rage wahala.

Mataki na 1: Ku ɗauki hoton gidan kafin ku buɗe akwati

Kowa ya gaji, na sani, amma wannan aikin minti ashirin ne kuma ranar farko kaɗai yake da amfani. A bi ɗaki-ɗaki da waya, a ɗauki hoton duk wani tabo a bango, tsagewar tayil, ƙonewar kafet, ƙofar da ba ta rufuwa. A ɗauki lambar da mitar wuta da ta ruwa da ta gas suke nunawa, don kada a ɗora muku bashin wanda ya tashi. Sannan a tura wa mai gidan hotunan a rubuce a ranar, yadda kwanan wata zai zama shaida.

Dalili shi ne kuɗin ajiyar da kuka ba mai gida a matsayin jingina saboda ɓarna, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne. A Ingila doka ta tsayar da shi a kan hayar mako 5 a galibin gidaje, kuma dole mai gida ya saka shi a asusun kariya cikin kwana 30. A Jamus yana iya kaiwa hayar wata 3. Ranar da za ku tashi, hotunan nan ne za su yi muku magana.

Kafin ku kwanta, ku san wurare uku: makullin da ke tsayar da ruwan gidan gaba ɗaya, akwatin da ke kashe wuta, da na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi. A danna ta a ji ko tana aiki.

Mataki na 2: Ku kammala ɗaki ɗaya tak

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne buɗe duk akwatuna lokaci guda, gida ya koma kamar kasuwa, a kwana uku ana neman cajar waya a ƙarƙashin tulin tufafi. Ku zaɓi ɗakin da yara za su kwana ku gama shi tsaf. A shimfiɗa zanin gadon da suka saba da shi ko da ya tsufa, a ajiye abin wasan da suke kwana da shi, a rataya wani abu a taga ko da bargo ne. Ƙanshin zanin gado kawai yana kwantar wa yaro hankali fiye da duk lallashin da za ku yi masa. In yaron ya yi wayo, a bar shi ya zaɓi inda gadonsa zai fuskanta. Ba da shawararsa aka yi ƙaurar ba, to ko wannan ɗan ikon a ba shi.

Barci zai rikice idan tazarar lokaci tana da yawa. Jiki yakan ɗauki kusan kwana ɗaya kafin ya daidaita da kowace awa ɗaya ta bambanci, wato wanda ya tsallake awa shida ya sa ran kusan mako guda yana farkawa tsakar dare. Maganinsa hasken rana ne da cin abinci a kan agogon sabon wurin. A fita da yara waje da rana ko ba inda za a je, kuma a taƙaita barcin rana komai nauyin ido.

Mataki na 3: Adireshi da takardu

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata ku zuba ƙarfinku a makonni biyun farko.

A fara da layin waya na ƙasar, domin kusan kowane ofishi zai turo lambar tabbatarwa ta saƙo. Daga nan sai a bincika ko ƙasar tana tilasta rajistar mazauni, saboda wa'adin gajere ne kuma ba wanda zai zo ya tuna muku. A Jamus kwana 14 ne daga ranar shiga gida, kuma sai da takardar shaida daga mai gidan. A Japan ma kwana 14 ne a ofishin ƙaramar hukuma. Holan ta fi tsanani, kwana 5 kacal. Birtaniya da Amurka ba su da irin wannan rajista ta gama-gari, sai dai a Amurka yawancin waɗanda ba 'yan ƙasa ba dole su sanar da hukumar shige da fice cikin kwana 10 duk lokacin da suka sauya adireshi. Bayan rajista ne lambar haraji ko ta inshorar ma'aikata take fitowa, sai asusun banki, sai inshorar lafiya. In ofishin yana aiki da alƙawarin ganawa, a nemi rana tun daren farko, don wani lokaci layin yana da tsawo.

Wani ƙaramin abu da ya ci mana mako uku: ba mu rubuta sunanmu a jikin akwatin wasiƙa ba. A wasu ƙasashe mai raba wasiƙa suna yake dubawa, in bai gani ba sai ya mayar. Katin bankinmu ya zo ya koma har sau biyu muna zaune muna zargin banki. Ku manna sunan kowa, musamman idan sunan mahaifin miji da na mata ba ɗaya ba ne a fasfo.

A kan batun suna, ku jera fasfo da takardar haihuwa da ta aure a kan tebur ku duba harafi-harafi. Harafi ɗaya da ya bambanta ya isa ma'aikaci ya ce wannan wani mutum ne daban. Takardun da aka bayar a wata ƙasa kuma galibi sai an tabbatar da su. Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Hague ta 1961 suna karɓar hatimi guda da ake kira afostil. Idan ƙasar da ta ba da takardar ba ta ciki, sai an bi ta ma'aikatar harkokin wajenta da ofishin jakadancin ƙasar da kuka koma. In harshen ya bambanta, fassarar mai fassara da hukuma ta amince da shi ake karɓa, ta aboki ba ta wucewa komai iyawarsa.

Shawarata, wadda mutane da yawa ba sa so su ji: sunan miji da na mata duka su shiga takardar haya da aƙalla takardar biyan kuɗi ɗaya, ta wuta ko ta intanet. In komai da sunan mutum ɗaya yake, ɗayan ba shi da shaidar adireshi, ba zai iya buɗe asusu ko karɓar katin laburare ba sai an raka shi. Ranar da mai sunan ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo, gida ya tsaya cak.

Mataki na 4: Ku nemi likita tun kowa yana lafiya

Da farko kowa ya haddace lambar gaggawa, har yara: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada, 000 a Ostareliya. A rubuta ta tare da cikakken adireshin gidan a manna a jikin firji, domin a cikin ruɗewa mutum yakan manta sunan titin da bai wuce mako guda a kansa ba.

Sai a yi rajista da likitan iyali, a kai katin riga-kafin yara ya duba abin da ya rage bisa jadawalin ƙasar, tunda makarantu da yawa za su nemi wannan katin. Mai shan magani kullum ya riƙe sunan sinadarin maganin, domin sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Misali, abin da aka sani da farasitamol, a Amurka acetaminophen aka rubuta a kwalinsa. Wanda bai sani ba zai iya ba yaro biyun a tare yana zaton magunguna daban-daban ne, alhali yawansa yana lalata hanta.

Mataki na 5: Makaranta

A wurare da dama adireshinku ne yake yanke makarantar gwamnatin da yaro zai shiga, shi ya sa wannan matakin yake bayan rajista. Shekarar karatu ma ba ɗaya ba ce: Turai da Amurka ta Arewa suna farawa a Agusta ko Satumba, Japan a Afrilu, Ostareliya a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. Yawanci da shekarun haihuwa ake sanya yaro a aji, don haka kada ranku ya ɓaci in an mayar da shi baya ko an tura shi gaba.

Kafin ranar farko ku taka hanyar makarantar tare da shi, ya ga ƙofar shiga, ya san inda banɗaki yake da wurin da za ku tsaya jiransa. In harshen sabo ne, yaro yakan yi makonni ko watanni yana saurare bai cewa uffan a aji. Ba taurin kai ba ne, tattara kalmomi yake. Ku kuwa ku ci gaba da yi masa harshenku a gida. Na waje zai same shi ko kun so ko kun ƙi, na gida ne yake zamewa a hankali ba a lura ba, sai ranar da kakarsa ta kira ya kasa amsa mata.

Mataki na 6: Kayan gida da wutar lantarki

Kada ku yi gaggawar cika gida. Katifa, tukunya, faranti, fitila da labule sun isa wata guda. Sai kun zauna za ku san inda rana take faɗowa da ɗakin da ya fi sanyi. Kafin sayen kujera ko firji a auna faɗin ƙofa da lanƙwasar matakala. In kuna da kaya a kwantena, jirgin ruwa yakan ɗauki makonni, kuma a nemi rangwamen kwastan na masu ƙaura tun kayan ba su iso ba. A Birtaniya da Tarayyar Turai sharaɗin shi ne kun zauna a wajensu aƙalla wata 12, kayan kuma kun mallake su kuna amfani da su aƙalla wata 6.

Wuta kuwa a yi hattara. Turai tana kan bolt 230, Amurka da Kanada 120, Japan 100. Adafta bakin fulogi kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta. Cajar waya da ta kwamfuta galibi an rubuta 100-240V a jikinsu, waɗannan ba matsala. Sauran sai an karanta. Ni injin markaɗen da aka ba mu kyauta na soka ban duba ba, ya yi wani gurnani na daƙiƙa biyu, sai hayaƙi da warin ƙonannen roba, wutar gidan ta ɗauke baki ɗaya. Amfanin sanin akwatin wuta tun daren farko ke nan.

Mataki na 7: Ku koyi unguwar da ƙafa

Baƙo makahon gari ne, kuma abin da ya fi haɗa shi faɗa da maƙwabta ƙananan abubuwa ne: ranar fitar da shara, wace shara ke shiga wane mazubi, ƙarfe nawa ake daina hayaniya, ina aka hana ajiye mota. Ku tambayi maƙwabci kai tsaye, tambayar shara ma hanya ce ta fara gaisawa. A nuna wa yara ɓangaren da motoci suke bi, domin a Birtaniya, Japan, Indiya da Ostareliya hagu ake tuƙi, ƙafa kuwa ba ta saurin manta abin da ta saba wajen tsallaka titi. Lasisin tuƙinku ma yana da wa'adi: wata 12 a Birtaniya, wata 6 a Jamus ga wanda lasisinsa ba na Tarayyar Turai ba ne. A fara shirin canza shi tun da sauran lokaci.

Mataki na 8: Ku shirya wa wata na uku

Makonnin farko aiki yana ɗauke hankali. Sai an gama takardu, an rataye labule, sannan kewa take sauka. Masanin al'adu Kalervo Oberg ya bayyana wannan tun 1960: ɗoki da farko, sai lokacin ƙunci da ganin laifin komai na sabon wuri, sai a fara sabawa. Ba kowa yake bin matakan daidai ba, kuma 'yan gida ɗaya ba sa shiga tare. Mai fita aiki yana da abokan hira da dalilin tashi da safe. Wanda ya rage a gida, mace ce ko namiji, shi ne abin ya fi dannewa, kuma shi ne ba a cika tambaya ba. A sama masa abu ɗaya tabbatacce a kowane mako wanda zai fitar da shi: ajin koyon harshe, wurin ibada, ƙungiyar iyaye, aikin sa-kai. In ƙuncin ya wuce makonni, barci da cin abinci suka lalace, a gaya wa likita.

Yanayi ma yana da hannu. A Landan cikin Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, hukumomin lafiyar Birtaniya kuma suna ba da shawarar shan maikurogiram 10 na bitamin D kullum a watannin sanyi saboda ƙarancin hasken rana. Kiran 'yan'uwa ta bidiyo yana taimakawa, amma a tsayar masa da lokaci, kada jiki yana nan hankali ya kwana can.

Kafin ku ajiye jakar takardu a saman kabad, ku buɗe kalandar waya ku saka ranar ƙarewar izinin zaman kowa da fasfonsa, da tunatarwa wata 6 kafin ranar. A fi sa ido a kan na yara, domin a ƙasashe da yawa fasfonsu shekara 5 kawai yake yi.