Yadda ake nemo zaman masu son daina shan giya a kusa da kai

Wanda giya ta kama a garuruwanmu yana fama da abu biyu: jarabar kanta, da kunyar kada a sani. Shi ya sa zaman da masu ƙoƙarin dainawa ke yi don taimakon juna ba ya kafa allo a bakin titi. Sai ka bi ta ƙofar da ta dace kafin ka same shi.

Mataki na farko, kafin ma ka nemi kowace ƙungiya, ka ga likita. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya tsaya lokaci guda, cikin 'yan sa'o'i hannunsa zai fara rawa, ga gumi, ga rashin barci. Wasu kan kai ga farfaɗiya ko gane-gane da ruɗewa a 'yan kwanakin farko, kuma hakan na iya kisa. Zaman taimakon juna ba ya maganin wannan. Akwai asibitocin masu lalurar ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga kuma sashen kula da ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, duk da abin da ake faɗa a majalisa.

Na biyu, tun kana asibitin ka yi tambaya kai tsaye: "Akwai inda waɗanda suka daina sha suke haɗuwa?" Ma'aikatan jinya da jami'an walwala na sashen sun fi kowa sanin wannan, domin wasu asibitocin kan tara majinyatansu da aka sallama su zauna su tattauna. Ofisoshin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ma suna da masu ba da shawara.

Na uku, ka ɗauki wayarka. Ƙungiyar da ta fi shahara a duniya ita ce Alcoholics Anonymous, ana taƙaita ta AA. Mutum biyu da giya ta wahalar, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka fara ta a garin Akron na jihar Ohio a Amurka a 1935. Ka rubuta sunanta tare da sunan garinka a Google. Idan a Nijar kake ko Kamaru, ka rubuta Alcooliques Anonymes. Kada ranka ya ɓaci idan ba ka ga komai kusa ba, zaman ido da ido ya fi yawa a manyan birane. Ana yin wasu ta Zoom dare da rana, kuma a da yawa daga cikinsu za ka iya rufe kyamara ka saurara kawai. Matsalar ita ce yawancinsu da Turanci ko Faransanci ake yi.

Daga nan ka duba wane iri ne. A AA akwai zaman da kowa zai iya halarta, har matarka ko ɗan'uwanka, akwai kuma na masu matsalar kaɗai. Ba a biyan kuɗin rajista, ba a neman cikakken suna, sharaɗin shiga ɗaya ne: kana son ka daina. Tsarin nasu na matakai 12 yana maganar miƙa lamari ga Ubangiji yadda kowa ya fahimce shi, kuma a ƙasashe da dama a ɗakin coci ake ba su aron wuri. Wannan kan sa Musulmi ya ja baya, ko da yake ƙungiyar ba ta wani addini ba ce. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, akwai Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989 bisa koyarwar Musulunci, akwai kuma SMART Recovery da ba ruwanta da batun addini. Iyalin mai sha su ma suna da tasu, Al-Anon.

A nan zan ja kunne. Duk wurin da aka ce a kawo mutum a kulle shi, a sa masa mari, a yi ta dukansa wai har ya shiryu, wannan ba taimako ba ne. A 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga irin wannan gida a Rigasa da ke Kaduna. Zama na gaskiya da ƙafarka kake shiga, da ƙafarka kake fita.

Ranar farko ka isa da wuri, ka gaya wa wanda ke jagorantar zaman cewa kai baƙo ne. Ba dole sai ka yi magana ba. Abin da ka ji a can ka bar shi can, haka su ma za su rufa maka asiri. Kafin ka tafi ka karɓi lambar mutum ɗaya da ya daɗe da dainawa, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda za ka kira idan sha'awar ta taso da yamma. Idan zaman bai yi maka ba, ka koma sau da yawa kafin ka yanke hukunci, ko ka gwada wani, domin kowane da irin mutanensa.

Idan kuwa garinku babu ko ɗaya, a al'adar AA mutum biyu ko uku da suka haɗu da niyyar dainawa sun isa su fara zama. Ka roƙi likitanka ya haɗa ka da wani majinyaci da ya yarda, ku tsayar da rana ɗaya a mako da wurin da ba a sayar da giya kusa da shi.